Katin Yinin Bikin 'Yata

Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta zauna a kan tabarmata, ta ɗora yatsa a kan kati, ta karanta mini ƙarya. 'Yar da na haifa tana zaune a gefenta, tana ji, ba ta ɗago kai ba. Abin da aka yi mini ke nan, kuma ban ga dalilin da zan yi masa kwalliya ba. Masu cewa a rufa wa zumunci asiri su je su rufa wa nasu.

Da yawa sun san fuskata, amma ba su san komai nawa ba bayan ita, don haka bari in fara daga nan.

Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina fitowa a fim. A duk tsawon wannan lokaci sau biyu kacal na fito a mutuniyar kirki, kuma duka biyun ba su yi kasuwa ba. Ni ce uwar miji mai zuba gishiri a miyar suruka, ni ce mai zuwa wurin boka da baƙar leda, ni ce maƙwabciya mai raba aure. Daraktan da ya fara sa ni ya dube ni sau ɗaya ya ce idona na mugunta ne, shi ke nan hukunci ya zauna. An taɓa jifana da ɓawon rake a tasha. Wata tsohuwa ta riƙe mini mayafi a asibiti ta ce in ji tsoron Allah in bar yarinyar nan ta zauna a ɗakinta. Na ce mata to, Iya, na bari. Abin bai taɓa ɓata mini rai ba. In an tsane ni a titi, na san aikina ya yi kyau.

Kafin fim na yi aure, auren so, da wani direban babbar mota. Hanya ta ci shi 'yarmu tana rarrafe. Da lokacin yaye ya zo, Yaya ta zo ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi. Ita 'ya'yanta duk maza ne, ga mijinta ya samu aikin gwamnati a Abuja, sun tare a Kubwa. Yarinyar kuma 'yar fari ce. Mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka a gaban manya sai ki kau da kai kamar ɗan wata ne. Haka uwata ta yi wa Yaya, haka na yi wa tawa. Ta tashi tana ce wa Yaya Mama, ni kuma Anti. Ban damu ba. A ganina kara mayafi ce, ana yafa ta a waje, ba ta taɓa jini. Kowa ya san wadda ta yi naƙuda.

Yaya ta yi boko har ta taɓa sakandare, domin a gidan kawunmu malamin makaranta ta tashi. Ni tallan goro na yi. Na shiga fim ban san ko harafi ɗaya ba, kuma da farko babu wanda ya gane, saboda a lokacin ba a ba mu takarda. Darakta ne zai ce, ke, wannan matar ɗanki ce, ta ƙona tuwo, ki ci mutuncinta. Sai a ce akshin, in buɗe baki. Zagin da ya fi shahara a bakina, wanda har yau yara ke kwaikwayo, babu wanda ya rubuta mini shi.

Daga baya zamani ya juya. Yara 'yan jami'a suka shigo da takardar labari mai kauri, kowace kalma sai yadda aka rubuta. Na yi ta dabara. Yau na manta tabarau, gobe idona na ciwo, a karanta mini sau biyu in haddace. Kaina yana riƙe magana kamar gam. Wata rana a lokeshan aka canza mini magana ana gab da ɗauka, wani sabon darakta ya rubuta ta da manyan baƙaƙe a kwali, ya ɗaga a bayan kyamara don ya sauƙaƙa mini. Aka ce akshin. Na tsaya ina kallon kwalin. Aka sake. Na sake tsayawa. Sai yarinyar da ke fitowa a surukata, wadda a haife na haife ta, ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Wai Mama ba ta karatu ne?"

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na gama aikin ranar, ban ƙara amsa kiran kowa ba.

Na dawo Abuja don in kasance kusa da yarinyar. Na kama ɗaki a Dei-Dei, na kafa rumfar abinci a bakin kasuwar katako: shinkafa da wake da safe, tuwo da rana. Masu lodin siminti da direbobi su ne mutanena. Kullum sai wani ya ce, "Hajiya, ba dai kin barbaɗa mana wani abu a miyar nan ba?" In ce, "Na barbaɗa. Ci ka mutu, ka bar wa oganka motar." Su yi ta dariya suna neman ƙari.

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin manya. A wata firamare ake yi, bayan la'asar, in yara sun tashi. Muna zama a bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Malamarmu Kirista ce 'yar Filato, siririya, mai Hausar Abuja, kowa a wurinta namiji ne. "Mama, ka riƙe biro kamar mutum, ba muciya ba ne." Ranar farko ta ce mana gemu ba ya hana ilimi, na ce mata to mu da ba mu da gemun me ya hana mu. Tun daga ranar muka shirya. Na sha wuya. Hannun da ke tuƙa tuwon mutum hamsin ya kasa zagaye harafi ɗaya ba tare da rawa ba. Na cika littafi guda da sunana kaɗai. A shekara ta biyu na fara karanta rubutun bayan motoci, a ta uku na shiga Turanci, ina tafe ina tuntuɓe.

Ban gaya wa Yaya ba, ban gaya wa yarinyar ba. Na san bakin Yaya. Da ta ji, da har jikokinta sai sun san Auta ta koma aji ɗaya, don haka take kirana, Auta. Niyyata sai na ci jarrabawa in kai musu takardar in ajiye a gabansu. Ina ta tanadin wannan rana kamar yarinya.

Ana haka maganar auren 'yata ta taso. Ta zama nas a wani asibiti, yaron kuma injiniya ne, iyayensa manyan ma'aikata ne a Gwarinpa. Ban taɓa ganinsa ba. Da aka zo gaisuwa, a Kubwa aka yi, sai bayan kwana biyu na ji. Da aka kawo lefe, haka. Duk lokacin da na yi ƙorafi Yaya ta ce, "Haba Auta, 'yar fari ce fa. Ina kika taɓa ganin uwa ta zauna ana buɗa akwatin 'yar fari? So kike a ce ba mu da kunya?" In haƙura, don gaskiya ne haka al'ada take. Waliyyi kuma ƙanin ubanta ne, zai zo daga gida ranar ɗaurin aure, su maza ba ruwansu da wace ce uwa.

Amma yini na uwa ne. Duk kunyar mace, ranar yinin bikin 'yarta tata ce. Da sunanta ake buga kati, ƙawayenta ne ke cika gida, ita ake zagayewa ana yi wa barka. Na je yinin mata ba adadi, na yi musu rawa, na yi musu girki. Nawa guda ɗaya ne a duniya, kuma shi nake jira.

Saura mako biyu da kwanaki, ranar wata Talata bayan azahar, suka zo ɗakina su biyu. Yaya ta ajiye leda a gabana.

"Ga ankonki, Auta."

Na buɗe. Atamfa ce, irin wadda ake rabawa maƙwabta da abokan arziki.

"Iyaye ba leshi za mu sa ba?"

"Leshin bai isa ba. Kin san 'yan kasuwa."

A ƙarƙashin atamfar akwai wani baƙin ƙyalle a ninke. Na ɗaga shi. Niƙabi ne.

"Wannan fa?"

"Don ke ne. Da kin shigo kowa zai ɗaga waya, biki ya koma kallonki. Ki bar yarinya ta ci ranarta."

Wallahi na yarda. Har wani ɗan daɗi na ji, wai har yanzu fuskata na iya tsayar da biki. Sai na ce, "To ina katin yini? Ban gani ba."

Suka dubi juna. Kallon bai kai ƙiftawar ido ba, amma sana'ata ce kallon fuska. Yaya ta ce ai a gidanta za a yi, tunda ɗakina ba zai ɗauki mutane ba, katin kuma duk an raba. Na ce ko guda ɗaya a nuna mini, in ga sunana a takarda. Ta laluba jaka, ta daɗe tana lalube, sannan ta zaro shi. Fari ne, rubutun ruwan zinare. Ta matso kusa da ni har kafaɗarmu na gogar juna, ta ɗora yatsanta mai lalle a layin farko.

"Saurara ki ji," ta ce.

Ta fara ja a hankali, kalma kalma, kamar yadda Malama ke mana. Ta ce Hajiya, sai ta faɗi sunana, ta ce na farin cikin gayyatarku zuwa yinin bikin 'yarta.

Idona na bin yatsan. Sunan nan nawa na rubuta shi har hannuna ya yi kanta, ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Abin da ke ƙarƙashin farcenta ba shi ba ne. Sunanta ne, da na mijinta a gaba. Hajiya ita, na gayyatarku yinin bikin 'yarta. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an jera gwaggonni da ƙawayen uwar amarya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Har matar da ke yi wa Yaya kitso tana ciki. Ni ba na nan.

"Kin ji ki raɗau," in ji Yaya. "Har da ruwan zinare."

Duk shekarun da na yi a gaban kyamara ban taɓa wasa kamar na wannan rana ba. Na yi murmushi. Na ce, "Masha Allah. A ina sunan nawa yake?"

Ta ƙwanƙwasa nata da farce. "Ga shi nan."

"Ashe haka yake da tsawo."

"Ai an haɗa da Hajiya."

Na dubi 'yata. Kanta na kan waya, amma yatsanta ya daina motsi. Na jira. Ina jin kukan injin yankan katako daga kasuwa. Na ba ta lokacin da ya isa mutum ya ce Mama, bari. Ba ta ce ba.

Na ce a bar mini katin. Yaya ta ce, "To ki adana. Kada ki yi ta nuna wa mutane, kin san baki."

Suna fita na ɗauki jakata na tafi aji. Abin da ba zan ɓoye ba shi ne, a hanya na fara zargin kaina. Wace ce ni? Tsohuwa mai karatun shekara huɗu. Wataƙila irin rubutun nan mai lanƙwasa ne ya ruɗe ni. Na fi son a ce ni jaka ce da a ce abin da na gani gaskiya ne. Da aka tashi na tsaya, na miƙa wa Malama katin na ce ta karanta mini.

Ta duba, ta dube ni, ta mayar mini.

"Ni ba zan karanta maka ba, Mama. Kai ne zai karanta."

"Malama, yau ba ranar wasa ba ce."

"Ni ma ba wasa nake ba. Sa hannu."

Na ɗora yatsa na karanta mata tun daga bisimilla har ƙasa.

"Daidai," ta ce. "Ba kuskure ko ɗaya."

Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Ta tambaye ni wace ce wannan Hajiyar, na ce yayata. Ta tambayi amaryar, na ce ni na haife ta. Ta tattara allinta ta zuba a gwangwani, ta daɗe tana rufe murfin. Sannan ta ce, "Sannu, Mama."

Na kira yarinyar a waya na ce ta zo ita kaɗai. Sai ranar Alhamis ta zo, da yamma, daga wurin aiki, da fararen kayanta. Masu cin abinci sun watse, ina kankare tukunya. Ta ciro hankici ta goge bencin kafin ta zauna. Na wanke hannu, na zauna a gabanta, na fito da katin, na karanta mata shi da ƙarfi. Ban tsallake ko sunan mai kitso ba.

Ta ce, "Wa ya karanta miki?"

"Idona."

Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka kuka za ta yi, har na fara shirya yadda zan yafe mata. Sai ta ce, "Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"Kika ɓoye mana."

"Au. Ni ce mai ɓoyo."

Daga nan ta faɗa mini komai, ba tare da ta sunkuyar da kai ba, kamar tana karanta wa majinyaci sakamakon gwaji. Da dangin yaron suka yi bincike, wani ya tsegunta musu cewa akwai 'yar fim a dangi. Uwar yaron ta ce ita jinin 'yan fim ba zai shiga gidanta ba, ko da ɗanta zai mutu gwauro. Yaya ta shirya ta je har gidan matar. Ta ce gaskiya ne, tana da ƙanwa da Allah ya jarrabe su da ita, an yi nasiha an gaji, amma yarinya tata ce, ita ta haife ta. Matar ta sa aka kira yarinyar, ta tambaye ta.

"Kika ce me?"

"Na ce haka ne."

"Da bakinki."

"Da bakina, Anti."

Na ce mata wata tara na ɗauke ta, kwana biyu ina naƙuda. Ta ce ta sani, an gaya mata. Ta ce abin da ita ta gani da idonta daban ne. A firamare 'yar mayya ake kiranta. Ranar da na kai mata ziyara makarantar kwana, ɗalibai suka bi ni suna ihu suna kwaikwayon zagina, ita tana banɗaki a ɓoye har na tafi. Ni a ranar an ce mini ba ta da lafiya, na bar mata saƙo na juya.

"Kuma ba ki taɓa kiran sunana ba," ta ce. "Ko sau ɗaya. Ina zaune a falon Mama ina kallonki a talabijin kina rungume 'ya'yan mutane, ɗana, ɗana. Ni kuwa ke. Ke, zo. Ke, kin ci abinci?"

"Kunya ce. Ke ma kin san kunya ce."

"To ki ci gaba da kunyar. Mako biyu kawai ya rage."

Wata babbar mota ta wuce da rodi, ƙarar ta cika rumfar.

Sai ta sassauta murya, kuma sassaucin ya fi mini zafi. "Anti, kin yi wa mutane wasa shekara ashirin. Ki yi mini guda ɗaya. Ki sa niƙabin, ki zauna a baya, ki ci abinci, ki tafi. Ban taɓa roƙonki komai ba."

"Bayan biki fa? In kin haihu, ranar suna, ni wace ce?"

"Anti."

"In na kwanta ciwo? In na mutu, mijinki ya tambaye ki wa ya rasu?"

Ta duba agogon hannunta.

Bakina ba ya jiran izinina, tun ina yarinya haka yake. Na ce, "Allah ya ba ki 'ya mai wayo irin naki."

Ta san ba albarka ba ce. Ba ta ce amin ba. Ta miƙe, ta gyara jakarta, ta ce, "Dama Mama ta faɗa. Ta ce ba wasa kike yi a fim ɗin ba, halinki ne." Ta fita ta tare keke. Ban ga ta waiwayo ba, kuma na tsaya ina kallo har keken ya sha kwana.

Na koma kan tukunyata. Ƙanzo ya kama gindinta sosai, na yi ta kankara, ina kankara ina tunani.

Zan iya cewa don ita na yanke abin da na yanke, kuma akwai gaskiya a ciki. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Rabin Dei-Dei sun san ina da 'ya nas, don ni da ba na kiran sunanta ban taɓa gajiya da ba da labarinta ba. Duk mai gini a Gwarinpa a nan yake sayen katako. Ranar da maganar za ta fito, tana cikin gidan mutane, wataƙila da ciki, kuma a ranar laifinta biyu ne: 'yar 'yar fim, kuma maƙaryaciya. Gara a ji yanzu, tana da ƙafar fita.

Amma in na tsaya a nan na yi ƙarya, ni ma na zama Yaya. Akwai nawa a ciki, kuma shi ya fi yawa. Na mutu a fim ya fi sau goma. Mota ta buge ni, aljanu sun shaƙe ni, na haukace na faɗa rijiya. Kowane lokaci ana cewa kat, in tashi in kaɗe zanina in nemi ruwan sha. Wannan da suka shirya mini babu mai cewa kat. Ina raye, ina tuƙa tuwo, za a shafe ni, kuma ni ake so in riƙe musu tsumman. Sun zauna sun yi shawara, sun auna ni, sun ga jahila ce, ko an sa mata a gaban ido ba za ta gani ba. Kara da na yi shekara talatin ina yi don mutunci, ita suka ɗauka suka ɗaure ni da ita.

Na san abin da zai iya biyo baya. Uwar yaron tana iya cewa an fasa auren. Yarinyar tana iya ƙin sake duban fuskata har ƙasa ta rufe ni, kuma mutane za su ce ga muguwar nan ta fim, ta kashe auren 'yarta da hannunta. Na auna wannan duka. Ban ce na yi daidai ba, har yau ban ce ba.

Ba su taɓa gaya mini inda gidan iyayen yaron yake ba. Na juya katin. A bayansa, da Turanci, an rubuta cewa za a yi walima a gidan iyayen ango, ga sunan layi, ga lambar gida. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har suka tashi, na kwafe su a takarda da birona.

Washegari Juma'a ban hura wuta ba. Na ce wa maƙwabciyata mai kunu ta gaya wa mutanena yau babu abinci. Na yi wanka, na sa leshina mafi kyau, na zizara kwalli, na yafa mayafi. Na hau keke zuwa bakin titi, na shiga motar Gwarinpa. Da na sauka ban tambayi kowa ba. Na bi allunan layi ina karantawa, na wuce wurin sau ɗaya, na dawo, na same shi. Gida ne mai baƙin get da furanni a jikin katanga.

Na ƙwanƙwasa. Maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, wani dattijo da carbi a hannu. Ya dube ni, ya sake dubana, bakinsa ya buɗe.

Na ce, "Ina kwana, Baba. Hajiya tana ciki?"

"Tana ciki. Wa za a ce?"

"Ka ce mata uwar amarya ce ta zo gaishe ta. Wadda ta haife ta."

Ya shiga. Na gyara mayafina, na tsaya a inda za ta gan ni tun daga bakin ƙofar falo.